Ranar da Na Ce Tsohuwar Tozai Ta Rasu

Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare ta Isa, kuma ni ke zuwa na ɗaya. Daga Kamarawa yake takowa kullum da safe, in malam ya yi tambaya sai ya leƙo littafina. Da muka gama, na tafi kwalejin horon malamai don in samu aiki da wuri. Shi ya bi sakandare, ya wuce jami'a a Zariya, daga can sai Turai. Na dawo Isa na riƙe alli, shi kuwa ya zama masanin tarihin tattalin arziki, mai bin diddigin yadda talakawan ƙasashe irin tamu suka yi noma da fatauci, da abin da ya hana su arziki. Ranar da na fara jin muryarsa a rediyo yana bayani kan gyaɗa da auduga, na saurara har ƙarshe, sannan na yini ina yi wa 'yan aji faɗa ba gaira ba dalili.

Wata shekara da kaka sai ga shi a ƙofar gidanmu, da jaka da 'yar rikoda. Ya ce littafi zai rubuta kan fataucin Gobir, kuma da mahaifina yake son farawa. Mahaifina tsohon falke ne. Da jakuna ya soma, yana kai fatu da gero Maraɗi ta Sabon Birni, ya komo da kanwa da gishiri. Ni ma na daɗe ina faɗa wa mutane za ni rubuta labarinsa. Har littafin rubutu na saya, amma ban wuce shafi huɗu ba.

Kwana uku suna zaune a zaure, ni ina kawo musu fura. A nan na ji abubuwan da ban taɓa ji ba a gidan da aka haife ni: yadda ayari ke kwana a bakin gulbi ana jiran ruwa ya janye, da yadda mahaifina ya yi kuka ranar da ya sayar da jakinsa na ƙarshe, don motoci sun kashe sana'ar. Da baƙon ya fita alwala, tsoho ya dube ni ya ce, "Wanga abokin naka ya iya tambaya. Kai ba ka taɓa tambaya ta ba."

Na ɗauki ƙwarya na shiga cikin gida.

Daga nan na riƙa goya shi a mashin zuwa Sabon Birni, wurin tsofaffin fatake. Ni na san gidajensu, ni ke yin sallama, amma da mun shiga shi ake shimfiɗa wa buzu ana "Sannu Dakta", ni in raɓe a gefen tabarma.

Abin da ya rage masa shi ne mata. Yana son ya san yadda atamfar waje ta kashe kaɗi da saƙa, kuma ya ji an ambaci wata tsohuwa a Tozai, ƙanwar kakata, wadda ta shekara arba'in tana tara zare a hannun matan ƙauyuka tana ƙetara iyaka da shi. Muna kan hanyar komowa ya matso kusa da kunnena saboda iska, ya ce, "Malam, gobe sai Tozai ke nan?"

Na ce, "Ai ta rasu bara."

Ya yi salati, ya yi mata addu'a. Ni kuwa na ƙara wa mashin wuta. Mahaifina ya riga ya zama nasa. Wannan ɗaya dai, na ce a raina, tawa ce.

Bayan ya koma na je Tozai sau biyu da biro a aljihu. Na zauna gabanta, ta yi murna, ta sa aka dama mini kunu, ta ba ni labarin ciwon gwiwarta. Na rasa ta inda ake soma tambaya. Kullum sai in ce sai wani zuwan. Shekara huɗu ta ƙara a duniya.

Littafinsa ya fito da Turanci, ya aiko mini da ɗaya. Sunana na cikin jerin waɗanda ya gode wa. Na buɗe babin zare da saƙa na tarar shi ne mafi gajarta, har ya rubuta cewa bai samu matan da suka yi sana'ar da rai ba. Wallahi daɗi na fara ji, kafin kunya ta zo.

Da mahaifina ya rasu ya zo ta'aziyya. A lokacin hanya ta lalace, mutane na tsoron bin ta, amma ya shigo bas daga Sakkwato kamar kowa. Bayan la'asar, da jama'a suka ragu, na ce masa, "Akwai abin da ni ka son in gaya maka. Tsohuwar Tozai ba ta rasu ba sa'ad da na ce ta rasu."

Ya ce, "Na sani. Kwana biyu bayan nan na gan ta kasuwar Isa. Baba da kansa ya nuna min ita."

"To mi ya hana ka yi mata magana?"

"Na ga ka aje ta don naka littafi. Kakarka ce, ka fi ni haƙƙi." Ya gyara zama, fuskarsa a sake, ba alamar gori. "Ina aka kwana? In ka ƙare ka aiko min, za ni nemo mai buga shi."

Na ce ana nan ana yi. Da zagi na ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya fi ni karatu na haƙura, ashe har a halin kirki ma sai ya sha gabana.

Washegari na raka shi tasha. Direba ya gane shi, ya tayar da wani fasinja ya ba shi gidan gaba. Na tsaya riƙe da jakarsa har motar ta cika, na miƙa masa ta taga, na ce Allah ya kiyaye hanya. Na koma makaranta, don ranar ina da darasin tarihi a aji shida.