Bafaranshen telan da ya auri kakar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Jarwal ta Makka ina sayar wa alhazai tuwo da miyar kuka, na ɗauki wata ɗabi'a da ke ba mahaifiyata kunya. Duk wanda na ji Hausarsa ta Nijar ce, kafin in miƙa masa kwano sai na tambaye shi ko daga Damagaram yake, ko ya taɓa jin labarin wani tela Bafaranshe.

Dalilina shi ne, a gidanmu an san kakan mahaifiyata Bafaranshe ne, kuma a Damagaram ya yi ɗinki zamanin mulkin mallaka. Yadda ya zo, da yadda ya yi aure a can, babu wanda ya sani. Mahaifiyata a Makka aka haife ta, ba ta taɓa taka Nijar ba. Idan na matsa mata sai ta ce halas, ya isa haka, in bar matattu su huta.

Yawancin alhazan dariya suke yi. Wani ma ya rantse makwabcinsu ne, sai da na ƙara masa nama na gane bai ko san Damagaram ba.

Wata shekara, bayan an dawo daga Mina, na yi wa wata tsohuwa tambayar. Ta cire hannu daga kwano, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in kai ta wajen babbar gidanmu.

A ɗakin mahaifiyata tsohuwar ta ba mu labari. Ta ce mutumin ba soja ba ne, kayan sojoji ya zo ɗinkawa a bariki. 'Yan uwansa Turawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sai ya koma bakin kasuwa da kekensa, ya koyi Hausa, ya musulunta. Babbar rigar da ya fara ɗinkawa, ya matse mata hannu kamar kwat, aka daɗe ana yi masa dariya. Matar da ya aura kuwa yayar mahaifiyar tsohuwar nan ce. Hukuma ba ta so auren ba, ta yi ta takura masa. Wata rana aka wayi gari gidan ba kowa. Aka ce ya tafi da ita da 'yarsu Faransa, har ta bar salla. Mahaifin matar ya hana a sake ambaton sunanta.

Mahaifiyata ta girgiza kai. Sai ta ce, "Inna, ba Faransa suka nufa ba. Gabas suka yi."

Ta ce zazzaɓi ya kashe shi a hanya, a ƙasar Cadi. Matar ta ɗora keken ɗinkin a kan jaki, ta riƙe 'yarta, ta yi shekaru tana ɗinki a garuruwan Sudan har ta ƙetare teku. A nan Makka ta rasu, a nan aka binne ta.

Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi. Sannan ta ce, "Har uwata ta mutu, a ɓoye take yi wa yayarta addu'a."

Washegari muka kai ta bakin maƙabarta. Ta tsaya jikin katanga, ta kira sunan da aka hana ta faɗa tun tana ƙarama, ta yi sallama, ta yi addu'a da muryar da kowa zai ji.

Har yau ban san garinsa a Faransa ba, ban san sunan da uwarsa ta raɗa masa ba, kuma abin yana cina. Wani lokaci nakan yi tunanin akwai wani gida a can da su ma suka riƙe rabin labari, wataƙila an ce musu ɗansu ya ɓata a Afirka. Da zan same su, sai in faɗa musu bai ɓata ba, jikokinsa suna nan Makka suna tuƙa tuwo.