Katifar Fanta

Ranar Alhamis ce, cikin bazarar shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Bayan sallar asuba Malam Modu, ma'aikacin gona na gwamnati, ya tarar da 'yarsa Fanta a tsakar gidansu na Birni tana dama koko, kanta a karkace. Jiya ta iso daga wani ƙauye kusa da Gafati, inda take koyarwa a lakwal. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta Fanta ba.

"Inna, me ya sami wuyan?"

"Kwanan ƙasa ne, Baba."

"Ina katifar da na kai miki?"

Ta yi dariya. "Akuya ta cinye."

Ba wasa take ba. Katifar ciyawa ce. Maƙwabciyarta Balki tana da akuya ɗaya tal, nononta ake ba wani jinjiri da uwarsa ta rasu. Da kiwo ya ƙare a daji, Fanta ta farke ɗinkin katifar, kullum ta zaro dunƙule guda, har ya zama buhu kawai ya rage. Tun tana ƙarama haka take, sai ta gama abu ake jin labarinsa. Ita ce mace ta farko a zuriyarsu da ta riƙe alli, kuma da aka tura ta ƙauye ba ta yarda ubanta ya je roƙon canji ba.

Da hantsi ya ɗauke ta zuwa kasuwa. Ya ce yau sai ya ga ta yi barcin kirki kafin ta koma. Mai katifa, wani dattijo Nomau, ya shimfiɗa musu guda biyu, ta audugar rimi da ta soso.

"Babu ta ciyawa?" in ji Fanta.

"Madam, mai ciyawa bana ai ba katifa yake ɗurawa ba."

"Ka ba ta ta soso," in ji Malam Modu. "In ga akuyar da za ta ci wannan."

"Tana da zafi, Baba."

"Rimi kuma yana tara kuɗin cizo. Kwanta ki gwada, Inna."

Ta kwanta a gaban mutane, ta rufe ido da gefen mayafi, ta ce hasken rana yana damunta. Ta daɗe ba ta tashi ba. Nomau ya ce, "Ka gani, Malam? Har ta fara aiki." Suka yi dariya su biyun. Malam Modu ya biya, aka kai katifar gida.

Da azahar ta ɗan taɓa tuwo ta ture. Mahaifiyarta, Maryam, ta taɓa goshinta ta ce zafin rana ne, ta shafa mata man shanu a wuya. Da la'asar Fanta ta zauna a inuwa tana gyara aikin yaranta da jan biro, tana ɗaga takarda daidai ido don kada ta sunkuya. Malam Modu ya gani. Ya ce a ransa gobe wuyan zai saki.

Washegari ta kasa kai goshinta ƙasa a sallah. Kafin hantsi ta daina gane mutane. A gidan likita aka ce sanƙarau ne, aka tambayi tun yaushe wuyan ya ƙage, Malam Modu ya faɗa. Gadaje sun cika, mutanen da fari ya koro daga ƙauyuka suna kwance har baranda. Aka ɗauko sabuwar katifar daga gida aka shimfiɗa mata a can. A kanta ta rasu ranar Lahadi.

Bayan sadakar bakwai aka raba kayanta. Zannuwa da takalma aka ba ƙannenta. Littattafai da akwatin alli aka mayar lakwal. Tukwane da fitilar da ke ɗakinta na ƙauye, Maryam ta ce a bar wa Balki. Liman ya tambaya ko akwai sauran abin da bai shiga rabo ba, wani ya ambaci katifa.

Malam Modu ya ce babu ita. Ranar da aka ɗauko gawar ya waiwaya daga bakin baranda, ya ga har an kwantar da wata mata a kai, mijinta yana mata fifita. Bai koma ya karɓa ba.