Takina Ba Shara Ba Ne

Jama'a, yau ni Hajiya Fanna na hau kan juji da sabuwar atamfata!

Kun san tulin takin da ke ƙofar gidana. Tun bayan girbi nake tara shi, toka da kashin awaki da dusar gero, ina tsince leda da hannuna, don gonata ta Mirriya.

Da hantsi sai ga kamiyon meri, motar kwasar shara ta hukumar gari. Wata nawa ba mu ga ƙeyarta ba! Ta wuce dutsen ledar nan na bakin kwalbati mai wari, ta tsaya cak a ƙofata. Mutum uku suka diro da shebur.

Na ce, "Lafiya?"

Babbansu ya ce, "Hajiya, sabuwar doka ce. Ba a tara shara a bakin titi."

Na ce, "Waccan ta kwalbati fa?"

Ya ce, "Ita sai wani zuwan."

Sai direban ya leƙo, bai san ina ji ba, ya ce, "Ku yi sauri, mai lambun yana jira!"

Au! Ashe takina aka yi wa miji!

Na tattare zani na haye can ƙololuwa na zauna. Na ce, "Bismilla, ɗana. Ku kwashe har da ni, mai lambun ya samu ƙari."

Maƙwabta suka fito, aka cika titi. Kunya ta sa suka ja kamiyo zuwa kwalbati.

Ban sauko ba sai da suka kwashe ledar nan tas!