Liƙin Alhaji a Filin Gudu

Har yau in na ga ana yi wa mawaƙi liƙi a wurin biki sai raina ya ɓaci, kuma ba mawaƙin ne ya yi mini laifi ba. Abin da nake tunawa a birnin Guangzhou na ƙasar China ya faru, lokacin da nake karatu a wata jami'a da ke unguwar Tianhe, ɗaki ɗaya da wani Badamagare dogo siriri mai karatun injiniyan ruwa. Ni Bakano ne, bakina ba ya shiru. Shi kuwa sai ka yi masa magana goma kafin ya ba ka amsa ɗaya, ita ma rabinta Faransanci. In na ce makaranta ya ce lakol, in yi ta tsokanarsa, shi dai murmushi.

Allah ya ba shi gudu. Tun shekararsa ta farko mai horar da 'yan wasan jami'a ya gan shi a fili, ya sa shi cikin masu gudun dogon zango. Yarjejeniyar ita ce muddin yana cikin ƙungiyar, makaranta za ta yafe masa kaso mafi girma na kuɗin karatu. Mahaifinsa tsohon malamin firamare ne a Damagaram, ɗan ragowar ma da ƙyar yake haɗawa. Wato digirin yaron nan a ƙafafunsa yake rataye, duk ranar da aka cire shi daga ƙungiya, ranar karatu zai tsaya. Saura masa shekara ɗaya ya gama.

Ni na ga abin da gudun nan yake ci a jikinsa. Muna idar da sallar asuba zai fita, ya dawo rigarsa sharkaf, ya shiga aji yana gyangyaɗi. Da yamma a sake komawa, a cikin zafin garin nan mai ɗanko wanda ko a tsaye kake gumi kake. Da azumi haka ya riƙa yi da bushasshen baki, don gasa ba ta san watan Ramadan ba. Hotonsa kuwa yana cikin duk takardun tallan da makarantar ke aikawa ƙasashenmu don jawo ɗalibai, yana riƙe da tuta yana dariya. Mai horar da shi ya samu ƙarin girma. Shi kuwa wani lokacin sai ya jira na dafa taliya mu ci tare.

Mun sha gardama a kan wannan da 'yan uwanmu ɗalibai. Wasu su ce ai rangwamen da aka yi masa shi ne albashinsa, ya gode wa Allah. Ni in ce ƙarya ne. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji ma ana yi masa rangwame, kuma ba a sa shi ya kashe gwiwarsa safe da yamma. Wane irin albashi ne wannan da ba ka iya sayen sabulu da shi, kuma za a iya ƙwace shi da safe ɗaya? Shi mai abin, in na ɗaga murya, sai ya ce, "Malam, ka bari. In na karɓi takardata shi ke nan."

Wata Juma'a bayan masallaci muka je cin tuwo a wani ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng. Nan muka tarar da wani Alhaji ɗan Kano mai sarin takalma, wanda ke sauka a unguwar Sanyuanli in ya zo. Mutum ne mai faɗin fuska da faɗin hannu. Wani ya nuna masa abokina.

"Kai ne ɗan namu da ake cewa yana tsere wa 'yan China?"

"Ni ne, Alhaji."

"Kai, masha Allah! Yaushe za a sake yi? Wallahi sai na zo na gani da idona."

Abokina ya gaya masa ranar gasar jami'o'in lardin, don ba a ɓoye wa babba abin da ya tambaya. Ban ɗauka zai zo ba. Sai ga shi ranar da shadda fara ƙal, shi da abokan kasuwancinsa biyu, sun zauna a layin gaba suna fifita da kwali.

Abokina ya ci gudun. A zagayen ƙarshe ya bar na biyu a baya sosai, ya tsallake layi ya dafa gwiwoyi yana haki. Ban ankara ba sai na ga Alhaji ya tattare riga ya haura ɗan shingen ƙarfen da ya raba 'yan kallo da fili, da tumbinsa da komai, abokansa na biye. Ya zaro jajayen takardun kuɗin China daga aljihu ya shiga manna masa a goshi.

"Namiji! Ɗan halak! Ka fitar da mu kunya!"

Gumi ya riƙe wasu, wasu suka zube a kan filin. Abokina ya russuna, kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi in dattijo yana karrama shi a bainar jama'a. Me kuke so ya yi? Ya ture hannun sa'an mahaifinsa? A garinsu ɗan kokawa in ya yi kaye haka ake yi masa, a garinmu ɗan dambe haka. Mu da ke kan benci muka yi ta tafi da ihu. Ɗaliban China kuwa suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Da aka shiga sabon mako aka kira shi ofishin kula da ɗaliban waje. Na raka shi don Sinancina ya fi nasa. Mutum uku ne a bayan tebur, da mai horar da shi a gefe yana riƙe da gorar shayinsa. Shugabar ofishin ta juyo mana da waya, ga bidiyon Alhaji yana liƙi, an maimaita ana maimaitawa.

"Wane ne wannan mutumin?" ta tambaya. "Caca suka yi a kanka?"

Na ce ba caca ba ce. Na yi mata bayani da duk Sinancin da na mallaka, cewa a wurinmu haka ake nuna farin ciki, kyauta ce, ba ciniki ba, kuma yaron nan bai roƙi kowa ba. Abokina ya fito da kuɗin daga ambulan, bai taɓa ko ɗaya ba, ya ajiye a kan tebur ya ce a karɓa. Ba wanda ya kalli ambulan ɗin. Shugabar ta ce doka ta hana ɗan wasan makaranta karɓar kuɗi daga wani na waje, ga shi an yi a gaban baƙi, an tattaka kuɗin ƙasa a fili, hoton ya zaga ko'ina, makaranta ta ji kunya.

Kunya! Shekara uku suna cin guminsa ba su ji kunya ba, sai ranar da wani ya manna masa abin sayen nama. Na juya wurin mai horarwar na ce, "Malam, kai ka san shi. Ka yi magana mana." Ya buɗe gorarsa, ya hura shayi, ya kurɓa. Na tambayi shugabar ko akwai wata hanya, ko gargaɗi, ko dakatarwa na ɗan lokaci.

"Meyo," ta ce, kalmar da masu shago ke jefa mana in kayan da muke nema babu.

Aka cire shi daga ƙungiya, rangwame ya tafi tare da ita. Alhaji a lokacin ya riga ya koma Kano. Da na same shi a waya ya yi ta salati, ya ce shi wallahi alheri ya nufa, kuma na yarda da shi. Ya aiko da abin da ya iya, amma kayansa sun maƙale a tashar ruwa, hannunsa ba kamar da ba. Mu ɗalibai muka yi karo-karo, 'yan Nijar da 'yan Najeriya har da 'yan Ghana. Bai kai ba. Ranar biya ta zo ta wuce, kuma takardar zaman ɗalibi ba ta sabuntuwa in ba ka yi rajista ba. Mahaifin abokina ya ce ya dawo gida.

Abokina yana haɗa kaya saƙo ya shigo wayarsa daga sashen wasanni: ya mayar da rigar ƙungiya da takalman gudu, kayan makaranta ne. Na ce ya bar su nan ƙarƙashin gado, in suna so su zo su ɗauka da kansu. Ya ɗauki bokiti da tsohon buroshin haƙori ya zauna a baranda yana wanke takalman, yana bin kowane lungu.

"Don Allah me kake yi haka?" na ce. "Mutanen da suka kore ka?"

"Aro aka ba ni, malam. Ba zan mayar da datti ba."

Da suka bushe na raka shi ɗakin ajiyar kayan wasanni. Ya miƙa su da hannu biyu. Mai kula da ɗakin ya karɓa, ya juya su ya duba ƙasansu, ya ga duk sun cinye. Ya ce waɗannan ai sun gama aiki, ya jefa su a kwandon shara muna tsaye.