Kogin da Yaya Modu Ya Ƙara wa Garinmu

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Modu, kuma har yau kwamfutarsa tana wurina.

Daga Borno muka gudo muka zauna a unguwar Gabukka. Shi gyaran waya yake yi a Nasarawo, in ya dawo sai ya hau wani wasan yaƙi na kwamfuta. A wasan akwai inda mutum ke zana filin daga da kansa, ya sa dutse, ya sa ruwa, ya dasa itatuwa. Abokansa ƙasashen ƙarya suke zanawa. Yaya garinmu ya zana.

Bai yarda da kintace ba. Ya duba hoton garin daga sama a intanet, sannan ya riƙa bin tsofaffin da muka gudo tare yana tambaya. Ina rijiyar kasuwa take? Tsamiyar ƙofar masallaci gabas take ko kudu? Baba Goni, tsohon limaminmu, ya sa shi ya matsar da dabino guda har sai da ya ce haka yake. Mata kan cika ɗakinmu, kowace tana neman ƙofar gidanta a allo. Wasu dariya, wasu su fita ba sallama.

Sai dai wasan ba ya karɓar taswira sai an sa abokan gaba. Yaya ya ajiye su a arewa, ta inda 'yan bindiga suka shigo mana. Sai ya shimfiɗa wani ƙaton kogi tsakaninsu da garin, ba gada, ba kwalekwale.

Baba Goni ya leƙa ya ce, “Kai Modu, a nan ka yi ƙarya. Yaushe muka yi kogi? Ko tunkiya ba ta jiƙa ƙafa a wurin.”

Yaya ya ce, “Baba, bar min wannan ɗaya.”

Da aka ce hanyar garinmu ta buɗe, Yaya ya ce gefen maƙabarta bai fito daidai ba, zai je ya gani da idonsa. Motarsu ta taka abin da aka binne a hanya. Bai kai garin ba.

Yanzu ana ta maganar komawa gida, kuma Iya, mahaifiyarmu, ta ɗaure kayanta. Kullum bayan la'asar sai ta ce in buɗe mata garin. Ta daɗe tana kallon sojojin abokan gaban nan sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, sun kasa hayewa. Makon jiya ta ce min, “Falmata, tsoron me kike ji? Ga kogi.” Na ce babu shi, Yaya ne ya sa. Ta kalle ni kamar na zagi mamaci. Ta ce ɗanta bai taɓa sa ko itace a inda ba ya nan ba.

Nakan tambayi kaina, da yana raye, zai goge kogin? Na san yadda ake yi, ya koya min. In na goge, Iya za ta ga an haye an ƙone gidanta karo na biyu, wataƙila ta kwance kayan. In na bari, za ta hau mota ta bi hanyar da ta cinye shi.

Abin da ya bar mana ke nan: gari wanda kowace rijiya tana inda take, da ruwa guda da ya so a ce muna da shi. Allah ya jiƙanka, Yaya. Gobe bayan la'asar zan zaunar da Iya, in goge kogin a gabanta.