Ashe Dunƙule Ma Gishiri Ne

Assalamu alaikum. Masu tambayar inda Malam Garba na Durun ya shiga tun bayan sallar layya, ina nan da raina. Jinya na yi.

Abin ya fara da ciwon ƙeya da jiri. Sai ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata Juma'a na kasa miƙewa daga sujada, mutanen sahu suka ɗauke ni zuwa asibiti a Gwarzo.

Aka yi awo, aka ɗebi jini da fitsari. Hawan jini ne, har ya fara taɓa ƙoda. Sai da na sayar da tunkiya kafin kuɗin gwaji da magani su haɗu.

Likita ya ce, "Baba, magani kullum, kuma ka bar gishiri."

'Yata Hadiza, mai aure a Kano, ta ce in jinin bai sauka ba, za ta tafi da ni. Wannan ya fi allura ba ni tsoro. Tun rasuwar uwarta ni kaɗai ne a gidan, amma gidana ne, kuma a nan nake so ajali ya same ni.

Larai, matar maƙwabcina, ita ke aiko min da tuwo. Na faɗa mata dokar likita, ta ce to.

Da na koma awo, jinin yana nan a sama. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Anya Baba kana shan maganin nan?" Na ji zafin tambayar, don ban taɓa tsallakewa ba.

Hadiza ta zo ta fara ɗaure min kaya. Larai ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Larai, gishiri kike sa wa Baba?"

"Wallahi Yaya ko ƙwaya ban sa ba. Tausayi ya ba ni, miya ba nama ba gishiri, shi ne nake ƙara masa dunƙule."

Na ce ta ɗauko ledar dunƙulen. Na sa tabarau na karanta da Turancinmu na elementare. Abu na farko a jerin kayan haɗin, gishiri ne. Daga baya likita ya ce wanda aka fara rubutawa shi ya fi yawa. Shekara da shekaru ina karanta jarida, ban taɓa karanta abin da nake ci ba.

Larai ta yi ta kuka. Na ce ba laifinta ba ne, a wurinmu gishiri shi ne farin nan na cikin kwano.

Yanzu daddawa take sawa, da albasa da tafarnuwa. Kumburi ya saɓe, jinin ya sauka. Hadiza ta kwance kayan.

Na gode wa Allah, da mutanen sahu, da Larai. In an hana ku gishiri, ku tambaya har dunƙule da kanwa da garin yaji. Ku karanta leda, ko ku ba wani ya karanta muku. Kada ku bar magani don kun ji sauƙi.

Miyar lami ce, ba zan ɓoye ba. Amma a tsakar gidana nake shan ta.