Karatun bakin tur'a

Jiya na ji jikana yana in'ina wajen karatu, sai malaminmu na ƙauye kusa da Hasahisa a Sudan ya faɗo mini a rai. Ni ma da na miƙe a aji harshena ke ɗaurewa, yara su kwashe da dariya. Baba har ya ce in koma gonar auduga.

Malam ya daina tsayar da ni. Bayan la'asar yakan ja ni bakin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, ƙasa na ƙamshin laima.

"Ya waladi, karanta wa ruwan nan, ba ya dariya. Ni kuma ba sauri nake ba."

Nan bakina ya saki, Baba ya bar ni na ƙare makaranta.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sassauta masa yadda ya sassauta mini.